Ko Ɗaya Bai Fashe Ba

Inna, ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba? Ya Auta?

Yau da safe na ga ikon Allah. Wani tsoho ne ya sa tanderunsa na gasa tukwane, mai lantarki, a kasuwa. Duk gumina zai tafi a kansa, shi ya sa jiya na ƙwanƙwasa bulonsa, na jera ɗanyun kofuna lungu-lungu, muka kunna. Ya ce, "Yaro, saye za ka yi ko aure?"

Da muka buɗe, babu toka, ko ɗaya bai fashe ba! Na tuna ki a durƙushe a wurin gasa tukwanenki kina tsince fasassu daga toka. Na saya.

Tarin ya yi sauƙi, kada ki damu. A sa mini albarka. In kin ce ƙari na yi a labarin nan, tsohon da matarsa suna tsaye muka buɗe shi.