Goron Bikin Dije

Agege, Legas
3 ga Mayu, 2001

Zuwa ga Baffa Almu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna Batulu da 'yar'uwata Dije.

Baffa, yayanka dai ba lafiya. Tun da aka dawo da Baba daga Indiya, inda suka ciro jijiya a ƙafarsa suka yi wa jinin zuciyarsa sabuwar hanya, muka ɗauka an gama. Ina! Yana zaune kawai sai zuciyar ta kama gudu, fat-fat-fat, ta yi tsalle, ta tsaya, ta sake ɗauka. Gumi ya karyo masa, ya riƙe bango. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Maƙwabciyarmu Susanna, nas ɗin nan 'yar Kafanchan, ita ta gano. Ta shigo ta same shi da jan baki, ta ce, "Oga Alhaji, goro nawa kake ci a yini?" Ya ce shi ba ci yake ba, ɗanɗanawa yake, aikinsa ke nan shekara talatin a kasuwar goro. Ya ɗauko takardar likitan Indiya ya nuna mata: an hana kofi, an hana taba, an hana shayi mai ƙarfi. "Ina goro a nan?" Susanna ta dafa kai ta ce, "Wayyo Alhaji, Ba'indiye ya san goro ne? Abin da ke cikin kofi shi ne a cikinsa!" Likitan nan Legas ma ya ce haka, ya ƙara da cewa irin wannan bugun kan daskarar da jini ya haura kai.

Yau sati uku bai sa goro a baki ba, bugun ya lafa. Amma Baffa, zaman gida na cin sa. Ba ya fira. 'Yan kasuwa sun daina aikowa a tambaye shi. Don Allah kada kowa ya yi masa zancen goro daga nan Kano.

Na ba direba Hamani wannan takarda. A gaida kowa.

'Yarka,
Mastura

*

Kano
5 ga Mayu, 2001

Zuwa ga Yaya Alhaji Abdulrauf,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina addu'ar Allah ya ƙara sauƙi. Kwana biyu ban ji daga gare ku ba, na ce shiru alamar lafiya ce.

Albishir nake yi maka: an sa ranar ɗaurin auren 'yarka Dije, farkon watan gobe. Dangin ango manyan mutane ne. Sun ce za su kawo goronsu, na ce a'a, gidanmu ba a raba goron da yayana bai ɓara ba. Kowa a unguwar nan ya san bakin Abdulrauf na Agege ba ya kuskure: cizo ɗaya ka san na bana da daushe, ka san wanda ƙwaro ya shiga tun bai nuna ba. Na cika baki a gaban jama'a, Yaya, kada ka ba ni kunya.

Huhu shida nake so. Kada ka wakilta kowa, da bakinka za ka zaɓa.

Ƙaninka mai biyayya,
Almu

*

Agege
11 ga Mayu, 2001

Almu,

Salamu alaikum. Takardarka ta same ni, wallahi ta fi mini duk ƙwayoyin nan da Mastura ke ɗura mini. Ashe har yanzu akwai mai tunawa da bakina. Nan gida an mai da ni tsohuwar tabarma, a shimfiɗa ni da safe a naɗe ni da yamma.

Gobe zan shiga kasuwa. Ban gaya wa uwar tsoron nan ba, kai ma ka yi shiru. Dije ba za ta tafi gidan miji da goron da wani ya zaɓa ba ina raye.

Yayanka,
Abdulrauf

*

Agege
16 ga Mayu, 2001

Baffa,

Sallama. Ban san yadda zan gaishe ka ba.

Jiya na haɗu da Hamani, ya ce motarsa ta kwana takwas a Jebba a lalace, ya juyo Legas bai kai Kano ba, takardata tana aljihunsa. Taka ce ta riga ta isowa. Na same ta ƙarƙashin matashin Baba, na karanta har sau uku. Na so in ji haushinka, na kasa. Haushin kaina nake ji da ban tafi wurin masu waya na kira ka ba.

Ranar Asabar ya ce mini masallaci zai je. Ashe danfo ya hau, motar haya, ya nufi kasuwa. 'Yan kasuwa suka ce tun hantsi yake buɗe huhu, ya ɓara, ya ciza, ya ture, ya ce a kawo wani, yana ta tsokanar su yana dariya. Sun ce rabon da su gan shi haka tun kafin aikin. Ya duba sama da huhu arba'in kafin ya ware shida. Da la'asar ya miƙe zai ɗaure na ƙarshe, ya dafa ƙirji, ya zube a kan ganye.

Yana asibiti. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, bakin ya karkace, ba magana. Likita ya ce jinin ya haura kai, kamar yadda ya faɗa. Na tambaye shi ko zai dawo daidai, sai ya dubi takalminsa. Susanna ce ke taya ni juya shi. In na ba shi kunu sai ya zubo ta gefe, shi kuma ya bi ni da ido yana hawaye. Baffa, na gaji, kuma ban ga haske ko ta ina ba.

Na ce a mayar wa masu shi da goron. Ya damƙe hannuna da hannunsa mai rai, bai sake ba sai da na ce to, za a kai Kano. Ga shi nan a motar Hamani.

Mastura

*

Kano
21 ga Mayu, 2001

Mastura 'yata,

Takardunki biyu sun iso tare, a hannu ɗaya, da huhu shida. Na buɗe na farko. A sama akwai ɓari guda da shaidar haƙoransa. Ban taɓa ganin goro mai kyan wannan ba, kuma na kasa taɓa ko ɗaya.

Gobe zan hau mota. Ki gaya masa ina tafe. Kada ki ce masa ya yafe mini, ki bari in zo in roƙa da kaina, ko da ba zai iya amsawa ba.

Baffanki,
Almu