Na Wanke Nozul ɗin Bappa Manu da Toka

Assalamu alaikum Yaya Yahuza,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Hapsatu da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku a can Fatakwal. Mu nan Birnin Kudu lafiya lau, Inna ƙafar ta yi sauƙi, ni kuma saura kwana goma sha biyu in fita takaba. Na kasa faɗa maka wannan magana a waya, shi ya sa na rubuta.

Bayan addu'ar arba'in ɗin baban Nasiha, abokan aikinsa suka kwaso kayansa daga gareji suka zube mana a zaure. Akwai gwangwanaye guda biyar cike da ƙananan ƙarafa, duk a jiƙe cikin baƙin man gas. Da na ji za a zo duba kaya saboda rabon gado, sai na ga bai kamata dangi su tarar da kayansa da dauɗa ba, kamar ba shi da mace. Na wanke tufafinsa da buzunsa, sai na ce bari in haɗa da waɗannan. Na zubar da man, na sa ruwa da toka da soson ƙarfe na dirje su kamar tukunya. 'Yan ƙofofin da ke bakinsu ma na bi su da allura. Na shanya su a rana ina jin daɗi. Kwana uku duk suka yi ja da tsatsa.

Shekaranjiya Bappa Manu, ƙanen mahaifin marigayi, ya zo daga Fagam. Ya tsaya a zaure muka gaisa, ni ina daga bayan ƙofa. Ya ce kafin rasuwar ya kawo nozul huɗu na tsohuwar taraktarsa, masu fesa mai a cikin inji. Baban Nasiha ya ce masa irinsu ba sa samuwa yanzu, amma zai jiƙa su ya fitar da dattin a hankali. Ga hadari ya fara haɗuwa, mutanen ƙauyensu suna jiran huɗa. Bappa har ya yi dariya ya ce ɗan nasa marigayi ko iska ba ya bari ta taɓa su, balle ruwa, ya fi lallaɓa su a kan jariri.

Yaya, na ce masa ban gan su ba. Ina cikin takaba, da carbi a hannuna, na yi wa dattijo ƙarya. Shi kuma sai cewa ya yi, “Kar ki dami kanki 'yata, ki ji da abin da ke gabanki.” Ya ajiye mini ƙwaryar gero ya tafi. Har yau na kasa buɗe ta.

Shekara goma sha tara ina wanke masa hannun riga, ban taɓa tambayarsa me yake yi da ƙarafan nan ba. Kai bakanike ne, ka san abin da na ɓata. Ga nozul ɗin nan huɗu na ba Malam Abdulnasir direba ya kawo maka, na gane su don an ɗaure su da jan zare. Ka duba ko akwai abin da zai tsira.

Na haɗa maka da gwangwani na biyar. Shi kaɗai ne ban wanke ba, tsofaffin nozul ne da yake cirowa daga matattun injina yana cewa wata rana za su yi amfani. Na ɓoye shi a ƙarƙashin gado, domin idan na buɗe murfin nakan ji warin hannunsa. Ko za ka samu na ciki da za su shiga na Bappa. Kar ka dawo mini da shi.

Ran da na fita takaba, kafin in je ko'ina, motar Gwaram zan hau in wuce Fagam in faɗa masa da bakina. Ka taimaka kada in isa hannu rabbana.

Ka gaishe da Hapsatu, da Khuzaima, da takwarata. Nasiha da Inna suna gaishe ku. Ku ci gaba da sa shi a addu'a.

Ƙanwarka,
Sa'adiyya