Ƙusoshin Mama a Wutsiyar Jirgi

Halstead, Kansas
9 ga Oktoba

Zuwa ga Yayana Wendell,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Marlys da yara. Allah ya sa sanyin Alaska bai fara shiga muku ƙashi ba. Mu nan lafiya lau, ana ta girbin dawa. Ƙafar Gwaggo Verna ta yi sauƙi, har ta koma coci tana gyara wa fasto waƙa kamar yadda ta saba. Baba ma yana cin abinci, amma maganarsa ce ta sa na ɗauki biro.

Ka san wutsiyar jirgin saman nan da yake haɗawa a gareji ita ce ɓangaren farko da suka yi da Mama, shekara goma sha ɗaya ke nan. Shi yana harba ƙusa ta waje, ita tana tokare ta da dunƙulen ƙarfe ta ciki. In ƙusa ta zauna sai ta ƙwanƙwasa masa sau biyu, in da saura sau ɗaya. Tun lokacin wutsiyar tana rataye cikin tsohon bargo, tana jiran a gama gangar jirgin. Makonni uku da suka wuce muka sauko da ita. Har lotsawar nan tana nan, wadda Mama ta ce hannunsa ne, ya ce nata ne, suka kwana biyu kowa na dafa wa kansa gahawa.

Muka ɗora ta a mazauninta, muka auna sau tara kafin dama da hagu su zo daidai. Saura ramukan noti huɗu. Na ce ya bar wa abokinsa Orval, tsohon makanikin jirgi, ya huda, tunda hannun Baba rawa yake yi tun rasuwar Mama. Ya harare ni, wai yaushe aka haife ni, shi da ke huda ƙarfe tun ina fitsarin kwance. Uku suka fita sumul. A na huɗu hannun ya kufce, ramin ya ci gefen ƙarfen da ke riƙe da wutsiyar gaba ɗaya.

Orval ya auna, ya sake aunawa, sannan ya cire hula. Ya ce da wannan ramin ko karensa ba zai ɗora a jirgin ba. Sai dai a sake ƙarfen, kuma ba a kaiwa gare shi sai an cire ƙusoshi sama da ɗari biyu, duk waɗanda Mama ta tokara. Ko kuma a rataye wutsiyar a bango, a manta da tashi. Baba ya kwana huɗu bai leƙa garejin ba. A rana ta biyar ya ce Mama ba don bango ta yi aikin ba. Ɗaya bayan ɗaya ya cire ƙusoshin, yana zuba kawunansu a kofinta.

Jiya, da muka sa sabon ƙarfen, ni na riƙe dunƙulen. Baba ya harba ƙusa ta farko, ta zauna daidai, na ƙwanƙwasa sau biyu ba tare da tunanin komai ba. Sai ya ajiye bindigar ƙusar, har na zaci wani abu ya same shi. Can ya ce, don Allah, in daina ƙwanƙwasawa, in riƙa faɗa da baki. Yaya, a cikin wutsiyar nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Hannuna ba ya kai ƙusoshin can ciki, kai ne ka gado dogon hannun Mama. Likita kuma ya ce da wuya Baba ya iya riƙe bindigar ƙusa bayan hunturun bana. Ba zai roƙe ka ba, ka san halinsa, shi ya sa ni nake roƙo. Ka zo kafin Kirsimeti, ko na mako guda ne.

Ka gaishe min da Marlys, da Dorrie, da Gil mai ƙin wanka. Gwaggo Verna da Orval suna gaisuwa. In ka zo, ka tuna, da baki za ka ce masa ta zauna.

Ƙanwarka,
Darlene