Kwamfutar Baba ta yi magana

Kankiya, daren Alhamis

Alhamdu lillahi, yau dai na ci nasara a kan tsohuwar kwamfutar Baba. Tun rasuwarsa nake fama da ita. Duk karatun da ya ɗauka da muryarsa yana ciki, amma da na kunna sauti sai ta daskare. Na zargi wuta, na zargi tsufa. Ashe katin sauti da mashigar firinta ne suka haɗu a kan lamba guda ta kiran kwamfutar, wato bakwai, kamar makiyaya biyu a bakin rijiya da guga ɗaya.

Na ari hantsakin da Inna ke cire ƙaya, na ɗage ɗan murfin roban da ke jikin katin, na maida shi kan lamba biyar. Na kunna kwamfutar, na buɗe karatun Baba, ba ta daskare ba.

Na ce, "Inna, zo ki ji."

Baba ya yi gyaran muryar nan tasa kafin bisimilla. Inna ta yi maza ta ja mayafi ta rufe kai, kamar yanzu zai shigo. Ta daɗe tana saurare, sannan ta yi murmushi.

"Ka ji shi ko? Sau nawa na ce ya sha maganin tarin nan."