A Buɗe Mana Rumfar Kiɗan Ƙwarya

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Raya Garinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ce Talatu, mai bayar da waƙa a ƙungiyar matan kiɗan ƙwarya. Sau uku ina zuwa ƙofar gidanka ana ce min ka fita, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya, rumfar da ke bayan kasuwa ba kango ba ce. Lokacin da aka fara sako ruwan noman rani a kanal, mata sun riƙa zuwa daga Bunkure da Madobi da Garun Mallam aikin dashen shinkafa da tsinkar tumatir, ba wadda ta san wata. Mahaifiyata ce ta fara kifa ƙwarya a wurin, wata Juma'a da la'asar, suka kewaye ta da tafi. Matan Fulani masu tallan nono suka ajiye kayansu suka shigo rawa. Daga baya su da kansu suka kwaɓa ƙasa suka tayar da bangon. Ina yarinya na ɗebo musu ruwan ginin. Tun daga nan ba mu fasa Juma'a ba sai da azumi ko in an yi rasuwa.

Na biyu, makonni uku da suka wuce muka tarar da kwaɗo a ƙofar, an jibge buhunan taki a ciki, ƙoranmu kuma an watso su waje cikin rana. Babbar ƙwaryar mahaifiyata ta tsage gida biyu. Mai gadi ya ce umarnin kwamiti ne. Da na sami sakatarenku, ko sallamata bai gama amsawa ba ya ce, "Inna, wa ke sauraronku yanzu?"

Na uku, ga amsar tambayarsa. Ku ne ke sauraronmu. Duk sanda baƙi suka zo ganin gonaki, mu kuke aikowa a kira. Ƙanwarka ma a cikinmu take amshi. Sannan akwai Iya Hansai, wadda ita kaɗai ta rage da ta haddace waƙar da ke jero sunayen manoman farko da gonakinsu, har da kakanka. Idonta ya tafi, ƙarfinta na raguwa. Rabin waƙar kawai ta koya mana kafin ku rufe. Yanzu kullum tana tambayata ko an buɗe, ni kuwa na gaji da ce mata sai gobe.

Ba ma gaba da taki, mu ma da noman nan muke ci. Amma sito ba ya wuya a garin nan.

Saboda haka muna roƙon a kwashe buhunan a mayar mana da mukulli, a kuma rubuta a takarda cewa rumfar ta mata ce, don kada wani kwamitin ya maimaita. Ƙwaryar da ta tsage ba ma neman ramuwa, zan ɗinke abata.

Ranka ya daɗe, ba mu zo da rigima ba, amma ka sani Juma'a mai zuwa za mu shimfiɗa tabarmi a gaban ƙofar, mu zaunar da Iya Hansai, ta ɗora daga inda ta tsaya. Haka za mu yi ta yi har ranar da za a cire kwaɗon.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.
Talatu mai ƙwarya, a madadin matan rumfa.