Saura Huɗu, Na Jefi Ashirin

Ƙanwata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da jikoki. Yaya ƙafar Yaya Babba? Ni ƙalau nake, ban rasa komai ba.

Sai dai kwana biyu ban sauka zauren gidanmu ba. Akwai allon lantarki a can, ana jifansa da ƙananan kibau, yana lissafa maki da kansa. Maƙwabciyata, wadda ita kaɗai ke leƙo ni, ta zaɓe ni abokiyar wasa. Da ta soma bayanin doka, na ce, "Baiwar Allah, da koyar da lissafi na tsufa."

Ashe daga ɗari uku da ɗaya ake raguwa zuwa sifili daidai, wanda ya zarce kuwa ya yi jifan banza. Saura mana huɗu, na jefi ashirin. Allon ya soke makina, ni kuma na ce, a gaban jama'a, ita ce ta taɓa maɓalli.

Yanzu in mun haɗu a matakala, gaisuwa kawai take yi ta wuce. Ke da bakinki ya saba da ba da haƙuri, rubuto mini yadda ake farawa. Kada yara su ji.

Allah ya bar zumunci.

Yayarki.