Allin Yaya a Kan Lissafina

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi. Yaya ɗinki, yaya kuma ciwon bayan nan naki? Ni ma lafiya lau nake, sai kewarku.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Na san halinki, in na kira, kafin in kai tsakiyar magana ƙarar keken ɗinki ta cinye sauran. Wannan kuwa magana ce ta zama.

Yaya, jami'a ta ɗauke ni karatun digiri a kan aikin walwalar jama'a. Shekara uku ne, daga safe har yamma, ke nan sai na ajiye aikina na tagar kati a asibiti. Na san za ki ce Auta ta sake ɓallo wata. Ki bari in faɗa miki inda abin ya samo asali.

Akwai wata ma'aikaciyar walwala a nan, muna ce mata Mai Kujera, saboda duk ɗakin da za ta shiga da 'yar kujerar robarta take tafiya. Ba ta tsayawa a kan marar lafiya, sai ta zauna. In za a sallami mutum, ba ta tambaya ko akwai mai kula da shi, don ta ce kowa "akwai" yake cewa saboda kunya. Abin da take tambaya shi ne, ranar Talata da hantsi, wa ke gida? Na ga ta yi wa 'ya'yan wani dattijo da aka yi wa aiki a ƙugu wannan tambayar. Su huɗu ne, sai kowa ya koma kallon takalminsa. Ba ta bari an fitar da shi ba sai da aka rubuta sunan mutum a kan kowace rana. Shekara shida ina miƙa kati ta taga, ranar ce na fara ganin aikin da nake so in tsufa a kansa.

Ga inda wuyar take. Sai na ci rancen karatu, na makaranta da na haya. In na gama, za a riƙa cire kashi ɗaya cikin biyar na albashina har shekara goma sha ɗaya. Albashin kuwa, ba zan ɓoye miki ba, da kaɗan ya fi wanda nake karɓa yanzu. In na yi zamana a taga, nan da shekara biyu ni ce shugabar ofis, in riƙa ɗaukar abin da ya fi na Mai Kujera. Na san duk wannan, amma raina bai bar wajen ba.

Masu ba da rancen suna son wanda zai tsaya mini, mai sana'a da rajista. In na kasa biya, kansa za su komo. Ke da shagonki kaɗai nake da su. Ga fom ɗin, ga kuma lissafin da na yi na shekara ukun nan, har kuɗin sabulu ban bari ba. Ƙarshen wata ake rufewa.

Ki gaida Baba da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata Baba ya samu sauƙin tarin da kika ce yana yi.

Saƙo ya iso. Da na ga sa hannunki a fom sai da na yi ƙwalla a gaban masu layi, har wani ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Allah ya saka miki da alheri, ya bar mini ke.

Amma Yaya, mene ne wannan? Kin dawo mini da takardar lissafina babu ko kalma ɗaya, sai zanen alli mai shuɗi a ƙasa, inda babu rubutu. Ai ban manta ba. Tun ina koyon kafa maɓalli a shagonki, in kika ja wa ɗinkina alli, ma'anarsa a warware a sake. Ba kya faɗa, ba kya bayani, sai mutum ya gano da kansa. Sau uku na sake haɗa lissafin, har na ba akawunmu ya duba, ya ce ko kwabo bai kauce ba. Ko dai allin ne ya goge a kai ba da saninki ba?

Na gaya wa Mai Kujera an ɗauke ni. Na zaci za ta rungume ni, sai ta nuna mini takardar albashinta. Shekarunta sun kusa hamsin, amma sai bara ta gama biyan nata rancen, don sau biyu ta dakatar da biya saboda rashin lafiyar mijinta. Ta ce ba ta yi nadama ba, sai dai ba za ta yi mini ƙarya ta ce bai ci ta ba. Duk da haka ranar Litinin zan kai fom.

Ki shafa mini kan yara.

Taki,
Auta

*

Yayata, uwata ta biyu,

Ina gaishe ki da gaisuwar wadda kunya ta kama. Ina fata kuna lafiya.

Ban kai fom ba. Ranar Litinin da safe na nuna wa Mai Kujera takardar, ina dariya, na ce ta taya ni fassara allin yayata. Ta karanta tun daga sama har ƙasa. Daga nan ta jawo kujerarta ta zauna kusa da ni, ni kuwa na san abin da zaman nan yake nufi. Ta tambaye ni, ranar Talata da hantsi, wa ke gida wurin Baba?

Na buɗe baki na ce maƙwabciya. Ban rufe ba na gane.

Maƙwabciyar da ke zama da Baba Talata da Alhamis don ki samu ki buɗe shago, da kuɗin da nake turowa duk wata ake sallamarta. Rabin maganin hawan jininsa ma daga ciki yake fita. Na rubuta sabulu, na rubuta kuɗin mota, na rubuta har fotokwafi, amma ban rubuta Baba ba. Na cire shi daga lissafi shekara uku cur, na aza miki ba tare da na tambaye ki ba. Ke nan za ki rufe shago kwana biyu kowane mako, shagon da na ce ki jinginar saboda ni. Kin ga haka sarai, kika sa hannu, kika ja alli kawai.

Yaya, na ji kunyar kaina. Ni da nake son in zama mai yi wa 'ya'yan mutane wannan tambayar, ashe ni ma mai kallon takalmi ce.

Na koma jami'ar na bincika. Suna da karatun Asabar da Lahadi, shekara biyar maimakon uku. Zan ci gaba da zama a taga, albashina na shiga, na Baba yana tafiya yadda ya saba. Rancen bai kai rabin wancan ba, shekara huɗu ya ƙare. Ba zan ce ban ji zafi ba. Sai ina da shekara talatin da shida zan gama, kuma hutun ƙarshen mako ni da shi sai gani daga nesa. Amma wannan nauyin nawa ne, wancan kuwa naki ne na yi masa suna nawa.

Ga tsohon fom ɗin na dawo miki da shi, ki yanka ki yi awon wuyan riga. Sabon yana ciki, tare da sabon lissafi, Baba ne layin farko. Kada ki sa hannu sai kin duba, in akwai wajen alli ki ja.

Na ɗauki hutun mako guda, ina tafe ranar goma sha biyu ga wata. Ki shirya zuwa ganin likita a kan bayan nan, ni zan zauna da Baba. Akwai kuma abin da shekara huɗu ban tambaye ki ba, tun da ya kwanta. Ki amsa mini da biro wannan karon, ban yarda da alli ba. Litinin, Laraba, Juma'a, Asabar da Lahadi, in kin ɗaga Baba bayanki ya riƙe, wa ke gida?

Ƙanwarki mai neman gafara,
Auta